Yadda Na Ɗinka wa 'Yan Matan Japan Hijabi a Hanyar Jidda

Tun da na dawo daga Umara ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi sai a fara: "Alhaji Ilu, ya Jidda? Wai da gaske an tsare ka a filin jirgi? Wai da laya aka kama ka?" Wani ma cewa ya yi shi hotunan mata ya ji. To na gaji da maimaitawa, ga shi kowa sai ya ƙara nasa gishirin. Shi ya sa na zauna na rubuta da bokona na ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙar da shi da kansa. Abu ɗaya kawai: wanda zan kira Sani ba sunansa ke nan ba, uwarsa ma na sauya mata suna. Kada wani mai bin diddigi ya wahalar da kansa.

Ni tela ne, tun ana ɗinki da keken ƙafa. 'Ya'yana ne suka haɗu suka biya mini kujera, wai in je in roƙi gafara tun ƙafa tana ɗaukata, don sun san abin roƙon da yawa. Ana gab da tashina maƙwabciyata Hajiya Tabawa ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida da wani ƙunshi a cinya, an naɗe shi da takardar buhun siminti.

Ta ce, "Malam Ilu, saƙo zan ba ka wurin Sani. Littattafansa ne na makaranta, ya ce yana buƙatarsu."

Sani ɗanta ne. Umara ya tafi shekarun baya, bai dawo ba. Yanzu magidanci ne a Jidda, da mata da 'ya'ya, amma ba shi da iƙama, wato takardar zama. Ranar da hukuma ta san inda yake, ranar za a tiso ƙeyarsa gida, iyalin kuma su zauna can ba mai ci da su.

Ta rage murya. "Don Allah ko wa ya tambaye ka, kada sunansa ya fito daga bakinka. Na san bakin nan naka."

"Haba Hajiya, bakina ai kamar aljihun da aka ɗinke ne."

"Aljihun da kai ka ɗinka? Abin da nake tsoro ke nan."

A motar Kano na ɗora ƙunshin a cinya. Kusa da ni wani ɗan kasuwa ne mai haƙorin Makka, irin masu zuwa sari Jidda. Ya kalli ƙunshin, ya kalle ni.

"Baba, kayanka ne?"

"Saƙo ne zan kai Jidda."

Direba ya rage rediyo.

"Ka buɗe ka ga abin da ke ciki?"

"Amana ce, yaya zan buɗe?"

"Amana! Baba, a can in aka sami ƙwaya a jakarka, ba a tambayar wa ya ba ka." Ya ja yatsa a maƙogwaronsa. Wata mata a baya ta yi salati. Na shafa wuyana. Shekara da shekaru ina auna wuyan mutane, ban taɓa sanin nawa siriri ne haka ba.

A Kano na sauka wurin Malam Sabo, abokina tun makarantar allo. Shi ya daure ya zama malami, ni na gudu daga inda bulala ta fara yawa. Bayan la'asar muka rufe zaure muka kwance ƙunshin. Littattafai ne da gaske, 'yan ƙanana masu kauri. Muka girgiza su, muka shinshina, har lasar gindin ɗaya na yi. Babu ƙwaya. Malam Sabo ya lura daga dama ake buɗe su kamar namu na addini, ya ce, "Ka gani, mutanen kirki ne."

Sai ya buɗe.

Zane ne tun daga fari har ƙarshe. 'Yan mata masu idanu kamar faifai, siket bai kai gwiwa ba, kowacce zaune gaban kwamfuta. Rubutun kamar kaji sun yi tono a yashi. Nan da can akwai baƙin akwati da haruffan boko a ciki, ga kuma wani tsuntsu mai tumbi, baƙi da fari, yana tsaye kamar mai jiran a biya shi.

Malam Sabo ya rufe littafin da sauri. "Ilu, ba ƙwaya ba ce, amma wannan ma ba zai wuce ba. Lokacin da na sauke farali, ko a kwalin sabulu suka ga hoton mace sai sun shafe shi da baƙi."

Da na tsaya na yi tunani, da na tuna Hajjin nasa tun ina da baƙin gashi ne. Ban tsaya ba. Abin da ya zo mini shi ne, ai suturta mata sana'ata ce. Na ce ya miƙo tawada da alƙalami. Na zauna na bi 'yan matan nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan na ba ta hijabi har ƙasa, waccan doguwar riga mai faɗin hannu, wata mai gilashi da na ga alamar ita ce babba na yi mata mayafi na manya. Ba yabon kai ba, ɗinkin ya zauna. Muka shanya a tabarma, takardun suka yi ɗan kumburi, suna ƙanshin ƙaro. Da suka bushe na naɗe su a farin ƙyalle, na bi da allura na ɗinke, kowace kusurwa na yi mata ƙulli a kan ƙulli don kada ya kwance a hanya.

Jirgi ba zan ce komai a kansa ba sai abu biyu. Abincinsu in ka ba kyanwa za ta bi ka da kallo. Sai kuma banɗaki. Da aka yi sanarwar mun kusa miƙati na shiga in ɗaura harami, hannuna ya taɓa wani maɓalli, abin ya yi wata irin zuƙa da na ɗauka ƙasan jirgin ne ya ɓalle. Na fito da gudu riƙe da zane a hannu ɗaya, kafaɗa a waje, wata ma'aikaciya ta kau da kai. Haka dai na yi niyya, na shiga Labbaika tare da jama'a. Daga nan kuma kun sani: babu faɗa, babu musu, babu ƙarya.

Filin jirgin Jidda sanyi kamar cikin firji, ga ni daga ni sai zane biyu. Mace ce ta buga mini hatimi a fasfo, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba. A gida ai sai ka tambayi ma'aikaci iyali da gajiya, ka ga inda fuskarsa take da laushi. Nan babu wurin kamawa. Ina cikin layi na ɗaga kai, sai ga wani ƙaton hoto a bango, mace tana tallan waya, fuska a buɗe, gashi a waje, ko ɗigon tawada ba wanda ya shafa mata. Na ce a raina, Sabo, Allah ya isa.

Jakata ta shiga na'ura ta fito, wani jami'i ya ɗaga hannu. Ya zuge ta, ya ture garin kunu da man zafi, ya ciro farin ƙunshin. Ya juya shi, ya ga ƙulle-ƙullen. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ajiye shi a hankali, ya sa safar hannu, ya kira wani. Suka ce in biyo su.

Ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya, kujeru, babu taga. Suka yanke zaren da ɗan almakashi, suna yi suna motsa baki. Da suka buɗe shafin farko suka ga mata an lulluɓe su da tawada, sai na ji kalma ɗaya da ba ta buƙatar tafinta: sihir.

Aka kawo tafintan duk da haka. Usman sunansa, ma'aikaci ne a wurin, Bahaushen Sudan haihuwar Jidda, Hausarsa rabi Larabci.

Ya ce, "Ya hajj, mushkila ce kabira. Farin ƙyalle, ƙulli, surar mata an rufe da tawadar rubutu. Suna cewa asiri ne aka yi wa waɗansu mata. A nan wallahi sihiri ba wasa ba ne."

"Ɗana, sutura ce kawai na yi musu."

"Suna tambaya na wane ne, wa za ka kai wa. Ka ba da suna da lamba, a kira shi ya zo ya yi bayani, kai halas, ka wuce Umararka."

Sunan yana kan harshena. Lambar tana cikin wayata a kan teburin, tsakanina da su. Kalma ɗaya, in fita in sha iska. Kalma ɗaya kuma, a kira Sani ya zo da ƙafarsa inda abin da za a fara tambayarsa shi ne iƙama. Na dubi farin zanen da ke jikina.

Na ce, "Nawa ne."

Usman ya sunkuyo. "Baba, kana cikin ihrami fa. Ka ji tsoron Allah."

"Tsoron nasa nake ji. Faɗa musu nawa ne."

Suka fita suka bar ni. Ban san iya zaman da na yi ba. Haƙorana suna haɗuwa, zanen ƙasa yana zamewa, ina ja ina ɗaurewa. Duk takun da na ji a waje sai in shafa wuya. Wayar ta yi haske sau ɗaya, na kau da kai kamar ban san ta ba, ina addu'a kada sunan da ya fito ya zama wanda nake tsoro. Ƙanina Bala ne, mai jirana a waje.

Can sai ga babbansu, mudir suke ce masa, mai furfura a gemu. Bai kalle ni ba. Ya ɗauki littafi ɗaya, ya buɗe daga dama ba tare da ya yi kuskure ba, ya tsaya a kan tsuntsun mai tumbi. Ya daɗe. Sannan ya yi magana, Usman ya juya mini.

"Ya ce tunda naka ne, ba shi labarin da ke ciki."

To, rubutun ko alif ban sani ba. Amma wanda ya wuni yana auna mutum ai ya san shi. Na jawo littafin.

"Wannan yarinyar sabuwar ma'aikaciya ce, an bar mata shago. Nan ta taɓa abin da ba a sa ta ba, kwamfuta ta yi baƙi. Ga ta tana kuka, hawaye kamar an buɗe famfo. Wannan mai gilashin yayarta ce a sana'a, ta zo tana nuna mata abin da za ta rubuta a baƙin akwatin. Nan abin ya gyaru, suna cin biskit."

"Tsuntsun fa?"

"Shi ne kafilinsu, ubangidan da ya tsaya musu."

Usman ya ciji leɓe kafin ya fassara. Mudir bai yi dariya ba. Ya yi wa yaransa doguwar magana, suka fara cire safar hannu. Usman ya raɗa mini cewa ya ce ba sihiri ba ne, littafin zane ne na mutanen Japan da ke koyar da aikin kwamfuta, shi ma da irin zanensu ya tashi a talabijin, tsuntsun kuma yana manne a kwamfutar 'yarsa. Sai mutumin ya juyo ya dube ni a karo na farko.

"Ya ce wane azzalumi ne ya yi wa zanen haka?"

"Ni ne. Tela ne ni."

Ya sake duba mayafin mai gilashi. Sannan ya jawo kujera ya zauna dab da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ya ce, hajj, kai baƙon Allah ne, kana cikin tufafin baƙin Allah. Tambaya ta ƙarshe. Wa za ka kai wa?"

Wallahi wannan ta fi ta farko wuya, don da mutunci ya yi ta. Na ce, "Nawa ne."

Ya kalle ni har na ji kamar yana ƙirga haƙarƙarina. Ya ce, "Tayyib." Ya juya ga kwamfutarsa ya yi 'yan taɓe-taɓe.

"Ya ce tunda naka ne, da kai suka shigo, da kai za su fita. Ranar tafiyarka su kasance a hannunka. In babu su, za a tambaye ka wurin wa ka bar su. Yalla, Allah ya karɓa."

Ko ya rubuta wani abu a kwamfutar, ko tsorata ni kawai ya yi, har yau ban sani ba.

Bala direba ne, yana da iƙamarsa, a Bani Malik yake zaune. Unguwa ce gida a kan gida, shago a gindin kowane bene, Bangali da Bayamale da ɗan Sudan duk ƙofa ɗaya suke shiga, ba wanda ya san sunan wani. Gaisuwarsu "kef halak", kafin ka buɗe baki mutum ya kai ƙarshen titi. Da safe ful ne, wato wake da aka dame da mai, a ci da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Da rana shinkafa da kaza a faranti ɗaya, a shimfiɗa leda a ƙasa a kewaye. Abin da ya ƙona mini rai, in an ƙoshi sai a naɗe ledar da sauran shinkafar a zubar. Shayinsu kuwa a ɗan kofin da bai fi abin sa wa jariri magani ba.

Bala ya kai ni Makka na yi Umarata. A gaban Ɗakin Allah, kafin in taɓo tsofaffin zunubai, sabon na fara gabatarwa. Wani malami ɗan ƙasarmu ya ce mini babu yanka a kaina, sai dai istigfari. Na ce masa wannan ina da shi buhu-buhu.

Da muka dawo Jidda na kasa kiran Sani. Duk farar motar da ta tsaya a layinmu sai in ce ni ake bi. Bala ya ce, "Yaya, ƙasar nan ba su da aikin yi sai bin tsohon tela?" Na ce, "Kai kana da takarda, shi ya sa bakinka ya buɗe." A ƙarshe matar Bala ce ta kai magana wurin matar Sani: ranar Juma'a, masallacin layinsu a Hindawiyya.

Na sa littattafan a ƙasan jakar dabino. Hindawiyya tsohuwar unguwa ce, lunguna kamar na cikin birnin Kano, Hausa tana tashi ta ko'ina. Ina shiga layin sai ga motar 'yan sanda a bakinsa, sun tsayar da wasu mutum biyu suna duba takardu. Can gaba kuma ga Sani ya hango ni. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, amma tafiyar ubansa ce. Ya washe baki, ya buɗe hannuwa, ya nufo ni, bai lura da motar ba.

Yaron da na ɗinka wa kayan Sallah tun yana tsoron allura. Na ɗaure fuska, na kau da kai, na wuce shi kamar bango. Ina wucewa na ce ba tare da na motsa leɓe ba, "Juya." Ban waiwaya ba har na shiga masallaci. Na tayar da nafila ban san me na karanta ba. Ana gab da tayar da salla na ji kafaɗa ta taɓa tawa a sahu, wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Sannu da zuwa, Baba." Ruku'un ranar da ƙyar na ɗago.

Ɗakinsa a saman wani tsohon gida yake. Matarsa ta kawo asida, irin tuwonsu na can, da miya, 'ya'yan suna jin Hausata suna ba ni amsa da Larabci. Na zazzage dabino na miƙa masa kayansa. Ya buɗe da murna, sai ya tsaya. Ya buɗe wani shafin. Ya buɗe wani littafin.

"Baba Ilu. Wa ya musuluntar da su?"

Na ba shi labari tun daga motar Kano. Ya yi dariya har ya kwanta, amma da na kai ɗakin nan marar taga sai dariyar ta ɗauke. Matarsa ta ajiye ludayi, ta jawo ƙaramar 'yarsu jikinta.

Don in sauya magana na ce ya gaya mini abin da na kusa rasa wuya a kansa. Ya ce wani malaminsu da ya yi karatu a Japan ne ya ba shi su. Suna koyar da wani tsarin kwamfuta, Linux, wanda ba a saye: kowa ya ɗauka, ya gyara yadda ya ga dama, ya ba wani. Na ce kamar sabon yayin ɗinki ke nan, ka gani a jikin wani ka kwaikwaya ba mai kai ka ƙara. Ya ce kusan haka. Yana aiki a wani ofishin aika kaya a unguwar Mahjar, Ba'indiyen da ke kula da babbar kwamfutarsu ya tafi, maigidan ya ce ko zai iya. Ba shi da takardar da zai shiga makaranta, ba shi da adireshin da za a aiko masa da littafi. Waɗannan kuwa ya san su, umarnin da ake rubuta wa kwamfutar da boko yake, sauran waya tana fassara masa. Na ce mu da sandar awo a ƙeya aka koya mana sana'a, su kuma da biskit. Kuma labarin da na ba mudir, ashe ban yi nisa da gaskiya ba, in ban da tsuntsun, wanda ashe tambarin Linux ɗin ne.

Sai ya ce, "Baba, hijabin nan fa ya rufe rabin umarnin."

Ya tashi ya ɗaga shafin a jikin taga, rana ta bugo ta baya, sai ga haruffan suna leƙowa ta ƙarƙashin tawadata. Haka muka wuni, ni ina riƙe shafi a taga, shi yana ɗauka da waya. Da muka gama ya rungume ɗaya a ƙirji.

"Ko wannan kaɗai ka bar mini, Baba."

"Ko bango ba zan bari ba. In ɗaya ya ɓata, kai za a nema."

Ranar dawowa na rungumo su a hannu tun daga ƙofar filin jirgi, ina nuna wa duk mai kaki. Ba wanda ya ko kalle su. Wani ma cewa ya yi in matsa ina tare hanya.

Ina sauka garinmu, kafin in shiga gidana, na wuce wurin Hajiya Tabawa, don na san ba ta barci. Wautata, ban ajiye littattafan ba. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗago ta gan su a hannuna. Rariyar ta faɗi. Ta dafa ƙasa.

"Sun kama shi? Malam Ilu, ka faɗi sunansa?"

"Ban faɗa ba, Hajiya! Wallahi ban faɗa ba. Yana nan lafiya, ya yi tumbi, ya fara sabon aikin. Ga dabino ma ya aiko."

Ba ta yarda ba sai da na kira shi ta ji muryarsa da ta jikokinta. Ta yi kukanta ta ƙoshi, ta share fuska da gefen zane. Sannan ta miƙo hannu ta karɓi littafi ɗaya, ta buɗe, ta kai shi nesa da ido, ta daɗe tana duban mai gilashi.

"Wannan mayafin aikinka ne."

"Yaya aka yi kika gane?"

"Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo."